Ranar da Inna Ta Bar Murhu

Shehunmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogi ne a fiƙihu, zahidi mai tsantseni, arifi wanda bai taɓa kunyata bawan Allah a gaban jama'a ba. Daga cikin karamominsa akwai abin da ya faru da Inna, dattijuwar da ke girki a gidan ɗanta, labarin da bai fito ba sai bayan rasuwarta.

Zazzaɓin taifod ne ya shiga gidan ya ƙi fita. Ya ɗauke jikanta na fari, shekara na zagayowa ya ɗauke na biyu, ga 'yar autar kwance kwana tara, ciki na murɗa, leɓe ya bushe. An yashe rijiya, an sake randa, an ɗora wa mai kawo ruwa laifi har aka sallame shi, duk a banza. Inna kuwa ta kasa ta tsare a bakin murhu, ita ke dafa wa yarinyar, ita ke ba ta a baki, don ba ta yarda da hannun kowa ba.

Da hantsi ta je wurin Shehu neman addu'a. Shehu ya sallami ɗalibai, sannan ya tambaye ta game da zazzaɓin da ya kwantar da ita tun tana budurwa. Gabanta ya faɗi, domin a wani gari aka yi, ko ɗanta bai sani ba.

Ya ce, "Yarinya za ta tashi da izinin Allah. Ku kai ta asibiti yau, ke ma a duba ki. Hannunki kuma ya huta da girki."

Gwaji ya gaskata Shehu. Likita ya yi mata bayani cewa ƙwayar wannan cuta ba ta da masauki sai jikin ɗan Adam, kuma tun da daɗewa an san tana laɓewa a matsarmamar wanda ya warke, shekara da shekaru, shi yana lafiya lau, ita tana fita ta bayan gida, tana bin hannu zuwa abinci.

Ta dawo ta durƙusa gaban Shehu. "Allah gafarta Malam, ashe ni na kashe su?"

"Ciyarwa kika nufa, Inna, ita aka rubuta miki. Ajali na Mai shi ne."

Ya umarci ɗanta ya nemi gafarar mai ruwa, ya kuma rufa wa mahaifiyarsa asiri.

Ranar da yarinyar ta fara jin yunwa, ta ture cokalin uwarta, ta ce sai Kaka ta ba ta. Inna ta mayar da hannuwanta baya, ta ce yau ta gaji. Ta tsaya a bakin ƙofa, hawaye na zuba, har kwanon ya ƙare.

Tsarki ya tabbata ga Wanda ke nuna wa bayinSa na gari abin da ido bai gani. Allah Ya jiƙan Inna da jikokinta, Ya haskaka makwancin Shehu, Ya ba mu albarkacinsa, amin.