Numfashin Raihana a Kan Karo

Akwai wata mata mai suna Hanaa, Bahaushiya haifaffiyar Wad Madani, wadda take koya wa mata yoga a wani ɗakin motsa jiki. A bidiyo ta koya, kuma ta ƙware. Tana iya tsayuwa a kan kanta, tana naɗe jikinta kamar tabarma. Matan 'yan kasuwa da na ma'aikata suna zuwa wurinta don rage teɓa, ita kuma ta sa musu kiɗa mai sauri har sai gumi ya jiƙe su.

Wata rana wata tsohuwa Ba'indiya, mai shagon yadi a garin, ta zauna ta kalli ajin. Da aka tashi ta ce mata, "Abin da kike koyarwa yana da amfani, amma ɓawon ne kawai. A wurinmu ana horar da jiki ne don ya iya zama shiru, mutum ya koyi riƙe fushinsa da tsoronsa."

Hanaa ta yi dariya, ta ce zaman shiru ba ya narkar da kitse.

Da yaƙi ya iso Wad Madani, suka gudu ita da mijinta Osman da 'yarsu Raihana mai shekara bakwai. Suka sauka a wani ƙauyen Hausawa kusa da Sinja, a gidan mahaifiyar Osman, Inna Sabah. Raihana tana da azma, ciwon toshewar numfashi, kuma maganin fesawa ɗaya tak suka samu fitowa da shi.

Inna Sabah tsohuwa ce wadda tsinkar auduga ta ranƙwafar mata da baya. Bayan kowace salla takan daɗe a zaune da carbi, ba ta motsi. Wannan zama yana ba Hanaa haushi. Ta taɓa ce wa Osman, a inda tsohuwar take ji, "Duniya tana ƙonewa, ita tana zaune kamar an dasa ta."

Inna Sabah ta ci gaba da jan carbinta.

Da maganin ya kusa ƙarewa, Osman ya tafi Sinja neman wani. Kwana uku ba shi ba labarinsa, waya kuma ba ta shiga.

A rana ta huɗu, bayan azahar, wani ya cinna wa karan dawa wuta a gonar bayan gida. Hayaƙi ya cika tsakar gida. Raihana ta fara tari, daga nan ƙirjinta ya kama fito. Hanaa ta girgiza maganin ta fesa mata. Babu abin da ya fito sai iska. Ta sake girgizawa, ta buga shi a tafin hannunta, ta sake fesawa. Babu.

"Ja numfashi," in ji Hanaa, tana jijjiga kafaɗun yarinyar. "Na ce ki ja. Ɗaya, biyu, uku."

Haka take ƙirga wa mata a aji. Amma Raihana ta zuba wa fuskar uwarta ido, ta ga tsoro tsagwaronsa, sai ita ma ta firgice. Leɓɓanta suka fara canza launi.

Inna Sabah ce ta fita ta kira maƙwabcinsu Adam, mai karo, wato amalanken jaki. Asibitin da ya fi kusa yana wani babban ƙauye, tafiyar sa'a ɗaya da rabi ta bakin magudanar ruwa. Babu mota, babu mai.

A kan karo Hanaa ta so ta kwantar da yarinyar. Tsohuwa ta hana. Ta zaunar da Raihana a cinyarta, ta ɗan karkata ta gaba, ta kwance mata wuyan riga.

Hanaa tana kuka tana roƙon Adam ya bugi jakin. Tana cewa za ta sauka ta ɗauki 'yarta ta yi gudu da ita. Tana kiran sunan Osman.

"Ɗiyata," in ji Inna Sabah, "yarinyar nan fuskarki take karantawa. In kin nutsu za ta nutsu. Fara da kanki."

Hanaa ta gwada. Ta kasa. Ita da ta shekara shida tana koya wa mutane numfashi, yau ko ɗaya ta kasa ja har ƙasa.

"Inna, ba zan iya ba. Mutuwa za ta yi."

"Ba ki sani ba, ni ma ban sani ba." Tsohuwa ta ɗora hannu a bayanta. "Ɗiya biyu na binne kafin in haifi Osman. Da na rasa ta biyun sai da aka ɗaure ni da igiya. Zaman da kike gani ina yi, daga nan na fara shi. Ki bi ni. Ja ta hanci. In za ki fitar, ki ce Ya Laɗifu, ki ja shi da tsawo."

Hanaa ta bi ta. Na farko ya karye a maƙogwaro. Na biyu ma haka. A na biyar kafaɗunta suka sauka. Ta kamo hannun Raihana ta ɗora a kan cikinta, don yarinyar ta ji yadda yake hawa yana sauka.

"Kalle ni, Raihana. Tare za mu yi. A hankali."

Fiton bai tsaya ba, amma yarinyar ta daina fizge-fizge. Haka suka yi ta tafiya cikin zafin rana, jaki yana ja, mata biyu suna numfashi don yarinya ɗaya.

Da suka isa, ma'aikacin asibitin ya karɓi Raihana da gudu, ya sa mata abin shaƙar magani a hanci da baki. Bayan wani lokaci launin leɓɓanta ya dawo. Ya ce maganin ne ya buɗe mata ƙirji, amma da ta zo tana ihu tana kokawa, da ƙarfinta ya ƙare tun a hanya.

Hanaa ta fito waje, ta durƙusa a gaban surukarta.

"Inna, ki yafe mini. Na faɗi magana a kanki."

"Na ji ta ran da kika faɗa, kuma ran nan na yafe." Tsohuwa ta miƙe ƙafa da ƙyar, tana yamutsa fuska. "Karon nan ya kumbura mini gwiwa. Osman ya ce kin san motsin da ke sassauta ta. In mun koma gida ki koya mini."

Bayan kwana biyu Osman ya dawo a ƙafa, da ƙura har gira, da maganin fesawa uku a aljihu.

Darasi: Ƙarfin jiki ni'ima ce, kuma kula da shi wajibi ne. Amma ranar tashin hankali, zuciyar da aka saba wa nutsuwa da ambaton Allah ce take riƙe mutum, har ya riƙe waninsa. Kada ka raina wanda yake horar da abin da ido ba ya gani. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, wataƙila akwai wanda yake cikin firgici yau.