Tsagar Gurmai a Ƙofar Kasuwa

Masu riƙe da labarin mutanen zamanin da sun ce, a Birnin Falale an yi wani sarki mai suna Nomau, wanda ya ci garin Gurmai da yaƙi bayan gaba mai tsawo. Da ya komo gida sai ya ƙudura zai shimfiɗe ƙofar kasuwa da falalen duwatsu masu ado. Ya sa aka kira Jatau, babban masassaƙin dutse na birnin.

Sarki ya ce, "Ka san tsagar da mutanen Gurmai ke yi a kumatu. Ita nake so ka sassaƙa a baƙin dutse, ka dasa farin dutsen ƙanƙara a cikin kowane layi don ta fito sarai. A tsakiyar ƙofa za ka sa ta, duk mai shiga ya taka, har jaki."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, zan yi maka furanni da taurari da duk adon da ido ke so. Wannan kam ba zan yi ba. Uwata 'yar Gurmai ce, tsagar nan tana fuskarta. Ko da ma ba ta haife ni ba, ba na shimfiɗa fuskar mutum a ƙasa."

Sarki ya fusata. Dogarai suka farfasa kayan aikin Jatau, suka sa shi a mari, aka yi shela ranar kasuwa za a sare masa hannun dama.

To, a katangar fada akwai wani tsohon Ƙadangare da Allah ya buɗe wa baki, tun zamanin kakan Sarki yake ba da shawara. Da hantsi ya sauko ya tsaya gaban Sarki, ya gyaɗa kai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni a kan dutse na tsufa, na san halinsa. Ina tsoron kada abin da ya sami Sarki Barau ya same ka."

Sarki ya ce, "Me ya same shi?"

Ƙadangare ya ce:

A Dutsen Magarya aka yi Sarki Barau. Wani barde nasa mai suna Cindo ya yi masa tawaye, Barau ya kama shi ya kashe. Hakan bai ishe shi ba. Ya kira masassaƙinsa Shekarau ya ce ya rubuta sunan Cindo a matakin rijiyar gari, don kowace mai ɗiban ruwa ta taka. Shekarau ya ajiye gudumarsa a gaban Sarki ya ce, "Ga ta nan, ba wa wani. Amma kafin ka kore ni, ji labarin Mati da Tanko."

Barau ya ce, "Faɗi, ka tafi."

Shekarau ya ce:

Mati da Tanko wa da ƙane ne, gonakinsu na jere. Wata damina suka yi rigima a kan iyaka. Mati ya iya sassaƙa, sai ya je ga dutsen da ke tsakanin gonakin ya zana siffar ƙanensa da buhu a ka, yana gudu kamar ɓarawo. Kafin kaka dattawa suka sasanta su, suka koma cin tuwo akushi ɗaya. Mati ya ce zai goge zanen, yau da gobe har ya rasu bai goge ba, Tanko ma ya bi shi. Bayan shekaru ɗan Tanko yana noma, sai ɗan Mati ya nuna masa dutsen yana dariya, ya ce, "Ka gane babanka?" Ɗan Tanko ya ɗaga fartanya ya sauke masa a ka. Gida biyu suka watse a yini ɗaya.

Shekarau ya ce, "Ka ji, ranka ya daɗe. Masu fushin sun huce har sun mutu, dutsen bai huce ba."

Barau ya ce, "Tatsuniyar manoma ce." Ya kore shi daga ƙasar, ya ɗauko wani baƙon masassaƙi ya yi aikin, har da jan dutse a cikin haruffan.

Ranar da aka buɗe rijiyar, matar Cindo, Tabawa, ita ta fara zuwa. Ta durƙusa ta wanke sunan da ruwan tulunta, ta tsallake. Dogari ya daka mata tsawa ya ce ta taka. Ta ce, "Ka sare ƙafar ka ɗora a kai da hannunka." Matan da ke bayanta suka tsallake su ma, ɗaya bayan ɗaya. Aka yi ta bulala, aka gaji. Da an bar Cindo a kabarinsa, da an manta da shi. Sai ga yara suna koyon haɗa baƙi da sunansa, baƙi suna tambaya wane ne. Duk wanda aka zalunta a garin, bakin rijiyar nan yake zuwa ya zauna. Ranar da talakawa suka tashi wa Barau, a kan matakin suka yi rantsuwa, da sunan Cindo suka ɓalle ƙofar fada. Barau ya tsere ta bayan gida, ya ƙare kwanansa a garin da ba a san shi ba.

Ƙadangare ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ka ci Gurmai da takobi, wannan zai wuce, jikokinsu su auri jikokinka. In ka sa tsagarsu a dutse, ka gina musu wurin tunawa da hannunka. Mutumin da ke cikin mari shi kaɗai ya ƙi taya ka wannan ɓarna, shi kuma za ka yanke wa hannu."

Sarki Nomau ya dubi Ƙadangare. Ya ce, "Ka yi gaskiya. A kawo Jatau."

Aka kwance shi aka kawo. Sarki ya ce, "Na janye maganar tsaga. Je ka yi wa ƙofar adon da ka ga dama."

Fadawa suka ce ya faɗi ya yi godiya. Jatau ya tsaya ƙyam. Ya ce, "Ranka ya daɗe, hannuna da ma nawa ne, ba kyauta aka ba ni ba. An fasa min kayan aiki, an zagi uwata a bainar jama'a. Tana nan da ranta a unguwar maƙera. Sai ta ce in yi aikin zan yi."

Dogarai suka zabura, Sarki ya ɗaga musu hannu. Ya dubi Ƙadangare, Ƙadangare ya gyaɗa kai kawai ya haye katanga.

Washegari mutanen unguwar maƙera suka ga Sarkin Falale tsaye a ƙofar gidan wata tsohuwa 'yar Gurmai, yana sallama, yana jiran a amsa.