Zaren da Nomau Ya Ƙi Yankewa

An yi wani mutum a wani gari, zamanin da kaset yake sabon shigowa, ana ce masa Nomau. Ku saurara da kyau. Na ga daga jin kaset wasunku har sun gyara zama, to ba fatawar kiɗa na zo yi ba yau, labarin wani bawan Allah zan ba ku.

Nomau ba malami ba ne, ba attajiri ba ne. Ɗan shago gare shi a bakin kasuwa yana gyaran rediyo da rikoda. Sai dai Allah ya ba shi haƙurin wani aiki da ba kowa ke iyawa ba. A kawo masa tsohon zaren da aka ɗauki murya a kai tun zamanin garmaho, ya yi funfuna, ya manne, sai ya zauna da auduga yana goge shi taƙi bayan taƙi. Inda ya tsinke ya haɗa, inda ya lalace ya sa reza ya cire, har murya ta fito tas, sannan ya juye ta a kaset.

A garin nan an yi wani babban mawaƙi, marigayi Jatau. Cikin waƙoƙinsa akwai wadda ake kira Ruwan Farko, wadda ba manomin da bai san ta ba. Akwai kuma wani tsoho, Kakale, wanda ya yi shekara ashirin yana yi wa Jatau amshi. Yanzu idonsa ya tafi, kullum yana zaune a majalisar gindin durumi. Da an sa waƙar nan a rediyo sai ya ce, "Ni na yi ta." Ku kuwa kun san al'ada, ɗan amshi ba a rubuta sunansa a faifai, murya kawai yake bayarwa ya tafi gida. To wa zai yarda da shi? Sai aka mai da shi abin tsokana. "Baba Kakale, wa ya haƙa rijiyar kasuwa?" Kafin ya buɗe baki wani ya amsa, "Ni na yi ta!" A fashe da dariya. Shekara arba'in ana yi wa dattijo kallon maƙaryaci, har 'ya'yansa kan sunkuyar da kai in ya fara maganar. Shi ma Nomau ya sha yin dariyar nan, kada ku ce na ɓoye muku.

Ana nan, ran nan sai ga Alhaji Lawandi, babban ɗan marigayi Jatau, da akwatin ƙarfe cike da zare. Ya ce, "Malam Nomau, so nake a sake fitar da waƙoƙin Baba gaba ɗaya a kaset, da sabon kwali da hotonsa. Kai za ka gyara. In ka yi, duk aikin kamfanina naka ne, kuma sunanka zai fito a bayan kwalin."

Nomau ya yi murna, ba ƙarya. Rufin shagonsa yana yoyo, iyalinsa suna da yawa. Ya ce, "Allah ya ba ni ikon riƙe amana, Alhaji."

Ya yi mako uku yana gogewa. Da ya zo kan Ruwan Farko, ya ɗora zaren tun daga bakinsa, sai ya ji abin da ba ya cikin tsohon faifai. Kun san masu ɗaukar murya na dā, sukan kunna na'ura tun kafin a fara, daga baya a yanke surutun. To ga surutun nan ba a taɓa shi ba. Ya ji tari. Ya ji muryar Jatau a dishe tana cewa, "Kakale, matso gaba. Yau maƙogwarona ya ƙi, ɗauki waƙar." Aka buga kalangu, waƙa ta tashi, wadda duk duniya ta sani. Wanda ya yi shekara ashirin yana bin muryar ubangidansa, ina za a bambance su?

Waƙa ta ƙare, zare bai ƙare ba. Aka ji Kakale ya nemi izini ya fita shan ruwa. Sai Jatau ya ce wa mai na'ura, "Ka ji abin da yaron nan ya yi? A rubuta sunansa a faifan, don Allah. Ni ban isa in yi ta haka ba."

Nomau ya kashe na'ura. Kunya ta kama shi shi kaɗai a cikin shago, don ya tuna dariyarsa.

Da Lawandi ya zo aka kunna masa, ya saurara har ƙarshe. Can ya ce, "Yanke wannan."

Nomau ya ce, "Alhaji, ai muryar mahaifinka ce. Roƙo ya yi, mutanen kamfanin dā ba su cika masa ba. Ga shi Allah ya kawo maka ka cika."

Lawandi ya ce, "Ka san abin da kake faɗa kuwa? Waƙar da aka fi sanin Baba da ita, in fito in ce ba shi ya yi ba? Gobe a ce duk sauran ma wani ya yi masa? Malam Nomau, kullum yanka kake yi da rezar nan. Taƙi nawa ne?"

Ya ce, "Abin da ya lalace nake yankewa, ranka ya daɗe. Wannan lafiyarsa lau."

Kada ku yi saurin zagin Lawandi, jama'a. Sunan ubansa yake karewa, kuma da yawanmu abin da za mu yi ke nan. Ya lallashi Nomau, ya yi faɗa, ya sake lallashi. Nomau dai maganarsa ɗaya, "Ka yi haƙuri, hannuna ba zai iya ba." Lawandi ya ce to gobe da hantsi zai aiko a ɗauki akwatinsa.

To ga jarrabawa ta biyu, kuma wallahi ta fi ta farko wuya. Zare yana hannunsa har gobe, ga kaset sabo a gefe. Zuciya ta ce masa, juye wannan wurin ka ɓoye, ai gaskiya za ka taimaka. Har ya ɗauko kaset ɗin ya ɓare ledarsa. Sai ya ce wa kansa, "Gyara aka ba ni, ba a ba ni in kwafa ba. In na ƙi yi masa ƙarya, sai kuma in yi masa sata?" Ya mayar da kaset ɗin, ya naɗe zare, ya rufe akwati. Da safe aka zo aka ɗauka.

Aka kai wa wani a birni, ya sa reza, ko minti ɗaya bai ɗauka ba. Kaset ya fito da kwali mai sheƙi, lasifika a kan mota tana zagaya kasuwa. Nomau yana zaune a shagonsa mai yoyo yana ji, sunan wani ne a bayan kwalin, aikin kamfani kuma ya tafi har abada.

Ran nan bayan la'asar ya rufe shago ya nufi gindin durumi. Ya tarar an kunna sabon kaset, an kewaye tsoho ana ta tsokana. Ya yi sallama, ya durƙusa gaban Kakale, ya ce, "Baba, Nomau ne mai gyaran rediyo. Na zo neman gafara, don ina cikin masu yi maka dariya." Sannan ya juya ga jama'a ya ce, "Ba ni da abin da zan kunna muku. Amma na ji da kunnena, kuma zan maimaita gaban Allah: wannan muryar ta Baba Kakale ce."

Wani ya ce, "Ina hujja?" Nomau ya ce, "Babu. Aikin da na rasa a kanta dai kun sani." Wasu suka yarda, wasu suka taɓe baki.

Kakale bai kula da su ba. Ya lalubo hannun Nomau ya riƙe. Nomau ya ce, "Baba, akwai saura. Bayan ka fita shan ruwa, marigayi ya yi magana." Ya faɗa masa kalma bayan kalma, yadda Jatau ya roƙi a rubuta sunansa, yadda ya ce shi bai isa ya yi ta haka ba.

Tsoho ya ce, "Shi ya faɗa? Da bakinsa?"

"Da bakinsa, Baba."

Sai hawaye. Sannan ya ce, "Ni na ɗauka shi ya hana a rubuta sunana. Ko jana'izarsa ban je ba. Tun da ya rasu ban taɓa ɗaga hannu na yi masa addu'a ba, ko sau ɗaya." Ya dafa kafaɗar Nomau ya miƙe. "Ɗana, ka san inda kabarinsa yake? Kama hannuna mu je, kafin rana ta faɗi."

To jama'a, kun ji. Nomau bai yi arziki ba, kada ku jira in ce daga baya ya sayi mota. Da shagonsa mai yoyo ya rasu. Amma da ya yanke taƙin nan ya kama bakinsa, da dattijo ya shiga kabari ana ce masa maƙaryaci, yana riƙe da mamaci a zuci kan laifin da bai yi ba. Allah ya hana mu ɓoye shaida, ya kuma hana mu cin amana, Nomau bai sayar da ɗaya don ya sayi ɗaya ba.

Yanzu ni da ku. Kai da ake yabo a wurin aiki, kana sane wani ne ya yi, ka yi shiru. Ke da kika ji an yabi 'yar'uwarki a bayan idonta, kika riƙe, amma da suka ce aka yi da tuni kin kai mata. Kai da ka san wanda ake yi wa dariya a majalisarku gaskiya yake faɗa. Kowannenku ya san mutumin da nake nufi, yanzu haka sunansa ya faɗo masa a rai. Kada ka ce sai gobe, shi ɗin ba ka san kwanansa ba, kai ma ba ka san naka ba. In an sallame sallah, ka je ka faɗa masa.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya da riƙon amana.