Takardar Da Jenab Ta Ƙi Dangwalawa

Akwai wata mata a tsibirin Bangka mai suna Jenab. Mijinta Sahak lebura ne a jirgin haƙar kuza. Wata Talata sarƙar ɗaga kaya ta tsinke, ƙarfe ya faɗo masa, aka kawo shi gida a naɗe cikin tabarma. Ya bar ta da 'ya'ya uku.

Bayan addu'ar bakwai, akawun kamfani ya zo da takarda, Derahman yayan mamacin na biye da shi.

"Dangwala nan a ba ku diyya," in ji akawu.

Jenab ba ta yi boko ba. Ta ce, "Karanta min tukuna."

Ashe an rubuta cewa Sahak a buge ya zo aiki, shi ya jawo wa kansa.

"Sahak ɗin da ko kofi sai na yi masa dole?"

Derahman ya ce, "Jenab, mamaci ba ya cin shinkafa, yaran nan ke ci. Dangwala kawai."

"Yaya, su ci shinkafar a matsayin 'ya'yan mashayi? Ku tafi da abarku."

Kamfani ya kore su daga gidan ma'aikata. Ta koma tsinkar masoro a gonakin mutane, tana shanya kifi ta sayar. Babbar 'yarta ta bar makaranta. Dangin miji suka yanke zumunci da ita, suka ce taurin kai zai kashe ta. Ta sha kuka a ɓoye, amma ba ta taɓa taka ofishin kamfanin ba.

Bayan shekara arba'in da ɗaya, jikarta Marlina na haɗa tarihin zuriyarsu, ta je gidan adana takardu a birnin Pangkalpinang. Fayilolin sauran iyalan ma'aikata da suka dangwala an rufe su, an ƙone tun tuni. Na Sahak yana nan, domin ba a taɓa rufe maganarsa ba. A ciki akwai rahoton sufeto: sarƙar ta yi tsatsa, kuma Sahak da kansa ya kai ƙorafi sau biyu.

Da Marlina ta kai wa kamfani kwafin rahoton, wakilinsu ya zo har gidan Jenab. "Kaka, kuskure aka yi. Za a biya magada."

Jenab ta ce, "Ɗana, gishiri ya yi yawa a miya shi ne kuskure. Wannan ƙarya ce. Ka karanta rahoton nan a lasifikar masallaci bayan Juma'a, sannan mu yi maganar biya."

Haka aka yi, gari duka na ji.

Da jama'a suka watse, Derahman ya dogaro sandarsa ya zo gabanta. "Jenab, ki yafe min."

Ta dube shi ta ce:

"Ni yunwa kawai na sha, Yaya. Ƙaninka ka yarda a yi wa ƙazafi. Ka san inda yake kwance, shi za ka je ka roƙa."

Darasi: Kada yunwar yau ta sa ka sa hannu a kan ƙarya. Haƙƙin da ba ka sayar ba yana nan yana jiranka, komai daɗewa. Ku tura wa wanda ake matsa masa ya yi shiru.