Fitilar da Aka Rufe da Takarda

Ƙawata, matso ki ji wannan kafin in koya wa yara ranar Lahadi.

Akwai wani mutum mai ƙaramar bas ta iyali. Kowace Asabar yakan wanke ta har gizagizai su riƙa yawo a gilashinta. Burinsa ɗaya ne, ya kai tsohuwarsa ƙauyen da aka haife ta, can bisa dutse, inda ta ce gajimare yakan kwanta a gonakin acca kamar farin zane.

Ran nan wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari, motar kuma ta soma jinkirin canja giya, kamar mai ajiyar zuciya. Bakanike ya duba, ya shinshina, ya ce, "Maigida, man giya ja ne, naka ya koma baƙi, har warin ƙuna yake. Yaushe rabonka da canja shi?"

"Ashe canja shi ake yi? Ai tana tafiya, Oga."

"Mai ciwon ciki ma yana tafiya."

Mutumin ya yi dariya ya wuce. Da fitilar ta dame shi, sai ya liƙa mata takardar nan ta coci mai cewa "Allah na nan", ya huta.

Bayan girbi suka kama hanya, tsohuwa a gaba tana rera waƙa a hankali. Da suka kai gindin dutse, inji ya yi ta kuka, mota ta ƙi motsi. Tsohuwa ta daɗe tana duban sama, ta ce, "Bari, ɗana. Ga tsamiyar gidanmu can, na gan ta." Kafin a gyara motar, Ubangiji ya kira ta gida.

Ma'anar wannan misali ita ce, motar nan ita ce zuciyarmu. Mukan wanke inda mutane ke gani, mu manta da abin da ke ƙuna a ciki. Fitilar kuwa muryar Ruhu ce. Takan ce, "Je ki nemi gafara," mu rufe ta da waƙa da zuwa sujada, sai ranar hawan dutse ƙarfi ya ƙare.

Ni ma, ƙawata, shekara biyu ke nan ban gaisa da ƙanwata ba. Gobe zan je, ko za ta buɗe ƙofa ban sani ba. Ina roƙonki, kada ki faɗa wa kowa.