Ranar da Nomau Ya Jawo Jirgin Sallau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani babban gari na bakin teku, tun lokacin da jiragen inji suka fara shigowa. Sunansa Nomau. Ɗan fito ne: ya ɗauki mutane a kwale-kwalensa daga wannan gaɓa, ya sauke su a waccan, ya juyo. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki, yana kutsawa tsakanin manyan jiragen kaya da na masunta da na masu ɗiban yashi. Filafilin tuƙi ya cinye masa tafin hannu. Ya tsufa, ya gaji, amma bai da wata sana'a.

To, akwai wani Sallau, mai jirgin inji, wanda ya raina shi. In ya hango Nomau a tsakiyar ruwa sai ya matso ya ƙara wuta, igiyar ruwa ta yi ta jijjiga kwale-kwalen, fasinja su jiƙe sharkaf, su rantse ba su ƙara shiga. Sau ɗaya har sai da ya kifar da shi. Nomau ya kai ƙara wurin sarkin ruwa, aka ce ya yi haƙuri. Ya yi. Ku saurara, ba wai ba ya jin zafi ba ne. Yana ji. Haɗiyewa yake yi.

Rannan da la'asar sakaliya ya ɗauko sawunsa na ƙarshe, mutum uku: Tabawa mai sayar da kifi da wasu 'yan dako biyu. Tun asuba yake tuƙi, bai huta ba. Ruwa kuwa ya fara janyewa zuwa teku da ƙarfi. Sai ya ji ihu. Ya waiga, ga jirgin Sallau, inji ya mutu, cike da mata da yara, ruwa na jan su zuwa inda igiyar ruwa ke farfasa jirgi a kan duwatsu. Jirage na wucewa, kowa na sauri, kowa na cewa wani zai je.

Tabawa ta ga ya tsayar da filafili. Ta ce, "Baba, kada ka soma. Ba shi ya kifar da kai bara ba?"

Ya ce, "Shi ne."

"To, ka kai mu gaɓa. Kai ko numfashi ba ka yi da kyau."

Nomau ya dubi gaɓa. Wallahi zuciyarsa ta so gida. Ya ce, "Tabawa, na gaji, Allah ya sani. Amma dubi matar can da goyo. Ita me ta yi mini? In kun yarda, mu je."

'Yan dakon suka dubi juna, ɗaya ya ce, "Ba mu filafili, Baba."

Suka isa, ya jefa igiya, Sallau ya cafe ko kallonsa bai yi ba. Nomau ya san ba mai iya ja da wannan ruwa gaba da gaba, sai ya yanka a karkace, ya nufi wani tudun yashi. Su ja, ruwa ya ja. Su ja, ruwa ya ja. Can sai ya ji wani abu ya tsinke a kafaɗarsa ta dama. Ya cije, ya mayar da filafili hagu, ya ci gaba, har ƙasan jirgin Sallau ya gogi yashi. Ba wanda ya rasa ransa.

Kuna jiran in ce Sallau ya zo ya durƙusa? Bai zo ba. Cewa ya yi a tasha injin ne ya ɗan shaƙe, da ma yana gab da tayar da shi. Nomau kuwa hannun nan bai ƙara ɗaguwa ba. Ya bar fito, ya koma bakin gaɓa yana ɗinkin komar masunta, abin da ya samu su ci.

Wata rana matarsa Kande ta kasa daurewa. Ta ce, "Malam, ko sannu bai zo ya yi maka ba."

Ya ce, "Kande, bar shi. Da na wuce su na taho gida da hannuna lafiya, da wane ido zan dube ki?"

Haka ya zauna har Allah ya karɓi abinsa.

Jama'a, alheri ba ya jiran sai ka huta, ba ya jiran sai wanda ya cancanta. Yakan zo ne daidai lokacin da ka gaji, mai buƙatarsa kuma shi ne wanda ya ɓata maka. Ni ma na san kun gaji. Wasunku daga aiki suka zo nan ko ruwa ba su sha ba. Amma gobe maƙwabcin da ba ya amsa sallamarka zai ƙwanƙwasa ƙofa, ɗansa ba lafiya. Ka tashi ka buɗe. Ko bai gode ba, Wanda ka yi dominsa ya gani. Allah ya ba mu iko.