Jaridar da ta Wanke Malam Almu

Akwai wani matashi a unguwar Ƙofar Guga cikin birnin Katsina, sunansa Umair. Ya yi karatun kwamfuta, yana da shagon gyaran waya a bakin titi, kuma Allah ya ba shi kaifin kai. Sai dai ya riƙe abu guda a ransa: duk abin da bai samu a intanet ba, to babu shi a duniya.

Mahaifinsa, Malam Almu, tsohon hedimasta ne. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyarwa kafin ya yi ritaya. A lokacin da wannan abu ya faru ya kusa shekara a kwance da shanyewar ɓarin jiki, magana ma sai an kai kunne kusa da bakinsa.

Ana nan sai ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar da ya shugabanta ta gina sababbin ajujuwa uku, ta sanar a shafinta na Fesbuk cewa sunan Malam Almu za a sa wa ginin. Gida ya cika da murna. Tsoho ya ji labari, hawaye ya gangaro masa.

Murnar ba ta kai mako ba. Wani wanda ba a san shi ba ya ɗora hoton wata tsohuwar jarida ta shekarar 1991 a ƙarƙashin sanarwar. Ga sunan Malam Almu, ga hotonsa yana saurayi, ga kanun labari cewa an dakatar da shi bisa zargin sayar da kwanon rufin makaranta. Kafin azahar hoton ya zagaye wayoyin unguwa. Masu zagi suka yi ta zagi, har da waɗanda ba a haifa ba a wancan lokacin. Ƙungiyar ta ce ta jingine batun suna har sai ta yi bincike.

Umair ya rufe shago kwana uku yana bincike a waya da kwamfuta. Duk inda ya shiga, wannan hoton dai yake gani. Babu ko layi ɗaya da ya ce ga yadda maganar ta ƙare.

A rana ta huɗu bayan la'asar ya shiga ɗakin mahaifinsa. Ƙanwarsa Ramla na zaune tana ba tsohon kunu da cokali. Umair bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Baba, abin da ake yawo da shi, gaskiya ne?"

Malam Almu ya daɗe yana kallonsa. Da ƙyar ya haɗa kalmomi ya ce an wanke shi, kwamiti ya zauna, har takarda aka ba shi, amma ta lalace shekarar da ruwan sama ya rushe tsohon ɗakinsa.

Umair ya fita tsakar gida. Ramla ta biyo shi, ya ce mata da an wanke Baba da ya gani, domin babu inda bai duba ba. Bai sassauta murya ba, kuma tagar ɗakin a buɗe take. Da Ramla ta koma ciki ta tarar tsohon ya juya fuskarsa bango. Bai ƙara shan kunun ba.

Washegari Ramla ta tare yayanta a zaure. Ta ce masa lokacin da take rubuta kundin kammala karatunta, a laburaren jama'a ta samu komai, wurin wata Malama Tani mai kula da sashen bincike, inda ake ajiye tsofaffin jaridu da rahotannin hukuma. Umair ya yi tsaki ya ce wa ke zuwa laburare a wannan zamani. Ramla ta ce idan ba zai je don kansa ba, ya je don Baba. Ya tafi, amma don ta daina damunsa ne.

Malama Tani dattijuwa ce mai tabarau, saura ƴan watanni ta yi ritaya. Ta amsa sallamarsa, ta gaishe shi da gajiya da mutanen gida, ta miƙo masa rajistar baƙi ya rubuta suna da lambar waya. Sannan ta tambaye shi abin da yake nema. Ya turo mata waya a gabanta, bai yi wani bayani ba sai cewa mahaifinsa ne, kuma yana kwance ba lafiya.

Ta duba hoton da kyau. Ta tambaye shi sunan jaridar, da wata, da sunan makarantar a wancan lokacin, da ko ya san wanda ya shugabanci kwamitin. Tambayoyin suka ba shi haushi. Ya ce shi ba jarrabawa ya zo ba, ta ba shi jaridun shekarar ya tafi da su gida ya duba da kansa.

Ta ce masa a hankali, kayan wannan sashe ba a fita da su, domin da yawansu kwafi ɗaya ya rage. Amma ga tebur, zai iya zama su duba tare.

Nan Umair ya fusata. A gaban ɗalibai biyar da ke karatu ya ce wannan wuri ba shi da amfani sai tara ƙura, ana biyan mutane albashi suna gadin takardun da gara ke ci. Ya ce shi da ya san kan na'ura ya rasa abu, ba wadda ke fama da katuttukan jerin littattafai a akwati za ta samo shi ba.

Malama Tani ta gyara tabarau ta ce, "Allah ya ba mahaifinka lafiya, ɗana." Ya fice ko sallama babu.

Abin da bai sani ba, kafin ya karɓe wayarsa ta riga ta rubuta sunan jaridar da kwanan wata a ƴar takarda.

Da ta sallami ɗaliban, ta sauko da kundin jaridun shekarar, manya-manya masu bangon fata. Ta samu labarin dakatarwar a shafin farko, a watan Maris. Daga nan ta bi fitowa bayan fitowa, shafi bayan shafi, har da ƙananan sanarwa da ke kusa da tallace-tallace. Ta san halin jarida: zargi a gaba ake sa shi da manyan haruffa, wankewa kuwa sau da yawa can ciki ake cusa ta.

Kwana huɗu tana wannan aiki tsakanin sauran masu zuwa. Ta gama Maris, ta gama Afrilu da Mayu. Da ta zo Yuni sai ta tarar fitowar mako biyu babu su a kundin, tun wajen ɗinki aka rasa su. Ta duba Yuli har ƙarshen shekara, ba ta ga komai ba. Zuciyarta ta tsaya kan waɗannan makonni biyu.

Ta kira wata tsohuwar abokiyar karatunta, Hafsat, da ke aiki a wani laburare a Zariya, ta roƙe ta ta duba nasu kundin. Bayan kwana biyu Hafsat ta turo mata hoto. A shafi na goma sha ɗaya, can ƙasa, a wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, an rubuta cewa kwamitin bincike ya wanke Malam Almu, ya gano cewa ɗan kwangila bai taɓa kawo kwanon makarantar ba, kuma an mayar da hedimastan bakin aikinsa. Sanarwar ta ambaci lambar rahoton. Da wannan lamba Malama Tani ta shiga ɗakin ajiya ta zaƙulo rahoton kansa, shafi tara, da sa hannun mutum uku.

Ta buɗe rajista ta nemo lambar Umair ta kira.

Umair ya zo a kan babur, yana tsammanin wata takarda za a ce ya cike. Ta zaunar da shi, ta ajiye masa rahoton da hoton jaridar. Ya karanta sau biyu. A karo na biyu haruffan suka daina ganuwa sosai, ya sunkuyar da kai a kan tebur.

Da ya ɗago ya ce, "Malama, bayan abin da na faɗa maki?"

Ta ce, "Ka zo da tambaya, kuma ba a amsa ta ba. Aikina ke nan. Tashi ka kai ma mahaifinka, sauran magana ta jira."

Ta yi masa kwafi, ta buga hatimin laburare, ta rubuta masa sunan jarida da rana da shafi da lambar rahoto, don duk mai shakka ya zo ya gani da idonsa.

A gida Malam Almu ya ƙara rauni. Tun ranar da ya juya fuska bango bai ƙara yi wa ɗansa magana ba. Umair ya durƙusa a gefen gado, Ramla na tsaye a bakin ƙofa, ya karanta sanarwar da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe. Sannan ya ce, "Baba, ka yafe mani. Na yarda da waya, na ƙi yarda da kai."

Tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ɗora a kan Umair. Ya ce ya yafe. Bayan ɗan lokaci ya tambayi wanda ya nemo takardar. Da aka gaya masa, ya ce a ce mata tsohon malami yana gaishe ta, Allah ya yi mata albarka.

Umair ya ɗora takardun a shafin ƙungiyar tare da bayanin inda aka samo su. Wasu suka nemi gafara, wasu suka goge abin da suka rubuta a ɓoye, mafi yawa suka yi shiru. Hoton zargin ya kai wayoyi dubbai, na wankewar bai kai rabin haka ba. Amma ƙungiyar ta dawo da shawararta ta sa wa ginin sunan Malam Almu.

Malam Almu bai ga ranar buɗe ginin ba. Ya rasu kwana goma sha ɗaya bayan an karanta masa takardar, da safiyar wata Alhamis.

Bayan addu'ar bakwai Umair ya koma laburare. Ya tarar da Malama Tani tana nuna wa wani dattijo yadda zai duba taswirar tsofaffin unguwanni, sai ya tsaya gefe ya jira har ta gama. Sannan ya durƙusa a gaban masu karatu, ya nemi gafararta da murya mai ƙarfi, ya isar mata da gaisuwar mahaifinsa.

Ta cire tabarau ta share ido da gefen mayafi. Ta yi wa mamacin addu'a, ta ce Allah ya sa ya huta. Daga nan ta ce wa Umair ya tashi daga ƙasa, akwai mai jiran ta a tebur na gaba.

Darasi: Ba duk gaskiya ce ke cikin waya ba, kuma rashin ganin abu a intanet ba ya nufin babu shi. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka nemi asalin magana a wurin waɗanda suka san inda take. Kada ka raina ma'aikatan laburare, amanar tarihinmu ce a hannunsu. Ku tura wannan labari ga ƴan uwa da abokai, wataƙila ya hana wani yaɗa zargin da bai bincika ba.